Ahmed Musa: ɗan wasan da bai ji kunyar komawa baya ba

1/ Duk lokacin da aka yi maganar Ahmed Musa a majalisa, sai wani ya ce “ai ya kasa a Leicester.” Eh, bai haska a can ba. Amma in da Leicester kaɗai za ka auna shi, ka bar rabin labarin a baya. Ku biyo ni a hankali.

2/ An haife shi a Jos a 1992, can ya fara ƙwallo. Amma a Kano Pillars aka san shi. Kakar 2009/10, yaro bai cika 18 ba, ya zura ƙwallo 18 a gasar Najeriya. A lokacin babu wanda ya taɓa cin haka a kaka ɗaya. Ɗan wasan gefe fa, ba ɗan gaba ba.

3/ VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi a 2010, amma dole ya jira watan Oktoba ya cika 18, don dokar FIFA ta hana kai ƙananan yara wata ƙasa. Ƙaramar ƙungiya ce mai faman tsira a teburi. Amfaninta ɗaya: ana sa shi wasa.

4/ Janairun 2012 ya koma CSKA Mosko. Nan ne zinariyar tarihinsa. Kofin gasar Rasha sau uku: 2013, 2014, 2016, ga kofin ƙalubale na 2013. Koci Leonid Slutsky ya yarda da shi, wani lokaci a gefe, wani lokaci a gaba. A ba shi fili kawai, sauran aikin gudu ne.

5/ Sai Leicester a 2016, tana ɗauke da kofin Firimiya. Ta biya wajen fam miliyan 16. A wasan share fage ya ci Barcelona biyu, muka ce shi ke nan, an gama.

6/ Ashe da sauran rina a kaba. Vardy ya riƙe gaba, Mahrez da Albrighton sun riƙe gefuna, sannan aka sayo Slimani. Ƙungiyoyi kuma sun gane Leicester, sun daina bar mata fili a baya. Mai gudu in babu fili, ina zai je?

7/ Ƙwallo biyu kacal a Firimiya. Ya ci Everton biyu a kofin FA a Janairun 2017, amma wata mai bi aka kori Ranieri, wanda ya kawo shi. Daga nan sai benci, har bencin ma ya gagara.

8/ A nan labarin yake. Janairun 2018, saura wata biyar gasar cin kofin duniya. Ya zauna ya ci albashin Ingila, ko ya koma inda ya fito a ce ya faɗi? Ya koma CSKA aro. Ƙafa ta dawo. A watan Yuni, a Rashar dai, ya zuba wa Iceland biyu a Volgograd.

9/ Daga nan Al-Nassr ta Saudiyya, ya ɗauki kofin gasar a 2019. Suka rabu a Oktoban 2020, ya yi watanni babu ƙungiya. Afrilun 2021 kyaftin ɗin Super Eagles ya dawo Pillars. Wasu suka yi dariya. Bayan 'yan watanni ya samu Fatih Karagümrük a Turkiyya, daga baya Sivasspor.

10/ A 2024 ya sake dawowa Masu Gida, wasan farko ya ci Sunshine Stars biyu.

11/ Ku duba da kyau: a 2018 da 2021 ya yi abin da ake gani kamar ci baya, duka biyun kuma su suka buɗe masa ƙofa. Yaranmu nawa ne ke zaman benci a Turai, shekaru na tafiya, don kunyar a ce sun dawo? Ƙwallo a fili ake buga ta. Wanda ke da ja, ga wuri nan a ƙasa, mu tattauna.