Abotar Ƙuruciya a Shekarun Tsufa: Nazarin Matsayin Amini a Rayuwar Dattawan Cikin Birnin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abotar da ke farawa tun ƙuruciya ta raka mutum har furfura, kamar yadda take gudana a unguwannin da ke cikin ganuwar Kano, ta hanyar bibiyar rubuce-rubucen masana a kan zamantakewar Hausawa da binciken da aka gudanar a wasu wurare game da tsufa. Hujjar maƙalar ita ce, ƙa'idojin kunya da girmamawa da suka kewaye dattijo a gidansa sun hana iyalinsa ba shi wani abu da tsaransa kaɗai ke iya ba shi, kuma tun da wannan abota da maƙwabtaka take rayuwa, duk abin da ya fitar da tsoho daga unguwarsu yakan raba shi da ita.

Gabatarwa

Littafin Tarihin Kano ya danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu a wajen farkon ƙarni na 12, sannan Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi, wadda ta zama cibiyar da unguwannin birni suka kewaya. Da yawa daga cikin waɗannan unguwanni sun samo sunansu daga sana'a ko asalin mazaunansu, kamar Soron Ɗinki da Tudun Nufawa da Agadasawa da Zangon Barebari, yayin da Madabo ta shahara da malanta, Ƙofar Mata kuma da rini. Lokacin da Heinrich Barth ya ziyarci Kano a 1851 ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin dubu 30. Abin da wannan tsari na unguwanni ya haifar shi ne, namijin da aka haifa a lungu ɗaya yakan yi makarantar allo da yaran lungun, ya koyi sana'a tare da su, su kama masa hidimar aurensa, kuma a ƙarshe waɗanda suka rage a cikinsu su ne ke sahun gaba a jana'izarsa. Abotar shekara sittin ko saba'in a irin wannan wuri abu ne da tsarin gari da kansa yake ƙullawa.

Ma'anar Kalmomi

Hausa ta bambanta matakan abota da kalmomi daban-daban. Aboki kalma ce mai faɗi da ta haɗa da abokin ciniki da abokin tafiya, tsara ko sa'a kuwa shi ne wanda aka tashi tare da shi a shekaru, amini kuma, wanda kalmarsa ta fito daga tushen Larabci ɗaya da amana, shi ne wanda ake buɗe wa ciki ba tare da fargaba ba. A wajen mata ana cewa ƙawa da aminiya. Abokin wasa wani abu ne dabam, domin gadonsa ake yi, kamar tsakanin Kanawa da Zagezagi ko tsakanin jika da kaka, amini kuwa zaɓarsa ake yi, zaman shekaru kuma ya tabbatar da shi.

Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka kuma buga a 1954, ya nuna cewa ƙawance yana da ƙa'idojinsa na musayar kyauta da wajibcin taimako a lokacin biki, ya kuma bambanta shi da dangantakar yaya da ƙanwar rana, wadda a cikinta ɗaya ke gaba da ɗaya. Duk da cewa labarin na karkarar Zazzau ne, wannan rabe-rabe sananne ne a Kano. Haka nan, a cikin siffofin da A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki akwai amana da kunya, kuma a tsakanin waɗannan biyun ne batun wannan maƙala ya ta'allaƙa, domin kunya ce ke tafiyar da hulɗar dattijo da iyalinsa, amana kuma ita ke tafiyar da hulɗarsa da amininsa.

Kunya a Gida, Sakewa a Dakali

Bahaushe yana ƙara girma, masu kiran sunansa na yanka suna ƙara raguwa. Matarsa takan ce Malam ko Maigida, 'ya'ya su ce Baba, 'yan unguwa su ce Alhaji, surukai kuwa daga nesa suke durƙusawa su gaida shi, har yaron da aka sa wa sunansa ma laƙabi ake nema masa domin kada sunan ya zama abin kira a tsakar gida. Tsakaninsa da ɗan fari akwai alkunya, wato kauce wa nuna kusanci a fili, wadda takan ɗore har ɗan ya yi nasa iyalin. Wannan girmamawa tana da daraja ƙwarai, kuma ita ce garkuwar tsoho daga wulaƙanci, sai dai tana zuwa da nauyinta, domin wanda kowa ke russuna wa ba ya samun wanda zai yi wa kuka. Jika yana da damar tsokanar kakansa, amma bai san shi yana saurayi ba, saboda haka wasan nasu ba ya kaiwa ga abin da ke cikin zuciya.

A dakalin ƙofar gida ko a zaure al'amarin yakan sauya. Bayan sallar la'asar dattawa uku ko huɗu sukan shimfiɗa tabarma ko buzu a inuwar da suka saba, a ɓare goro ɗaya a raba, wani na jan carbi, wani na kasa kunne ga rediyo, kuma a nan ne attajirin da ake faɗuwa a gaida a kasuwa zai ji an kira shi da laƙabin da aka sa masa a makarantar allo, a tuna masa ranar da ya gudu daga bulalar malam, ya yi dariya har ya share hawaye da bakin rawaninsa. Inda al'adar ciyayya ta rage, wato kowane magidanci ya fito da akushinsa a haɗu a ci tare bayan magariba ko isha, abokan zama su ne ke fara lura idan hannun ɗayansu ya rage zuwa kwano. Idan kuma aka idar da asuba ba a ga wani a gurbinsa na sahu ba, kafin hantsi an tura yaro ya gano ko lafiya. Wannan sa ido ne na kullum wanda babu wanda aka ɗora wa shi, kuma a zahiri yakan riga na 'ya'yan da suka fita neman abinci tun safe.

Akwai kuma maganganun da kunya ta hana su shiga gida. Tsohon da fitsari ya fara yi wa wuya, ko wanda bashi ya yi wa katutu, ko wanda ke jin ɗacin halin ɗansa, da wuya ya faɗa wa matarsa ko 'yarsa, amma zai faɗa wa wanda suka yi wankan kududdufi tare, kuma sau da yawa aminin ne ke kiran babban ɗa gefe ya ce a kai tsohon asibiti. Hausawa na cewa abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Haka amini ke zama wakili wajen ba da auren 'yar abokinsa, da mai sulhu idan gida ya rikice, da mai riƙon wasiyya, da kuma shaida a ranar rabon gado, musamman a tsakanin 'yan kasuwar da suka daɗe suna ba da bashi da ajiya a kan amana ba tare da takarda ba. Ba a rasa abin da ke raunana wannan daidaito, domin idan ɗaya ya yi dukiya ɗaya ya talauce abota takan karkata zuwa barantaka, wato dangantakar ubangida da mai neman alfarma, kuma abotar da ta tsira daga wannan jarrabawa ita ce mutanen birni ke ambato da girmamawa.

Ƙawancen Mata

Hanyar mata ta bambanta, saboda aure yakan ɗauke yarinya daga lungunsu, kulle kuma ya taƙaita fitarta. Binciken Enid Schildkrout a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a shekarun 1970 ya nuna yadda yara ke zama ƙafar matan kulle, su kai talla su kai saƙo, kuma ta wannan hanya, tare da haɗuwa a suna da biki, ƙawance ke rayuwa tsawon shekarun haihuwa. Gudummawar biki, wadda ake ramawa da ƙari idan hidimar mai bayarwa ta tashi, tana ɗaure ƙawaye da bashin da ba a son ya ƙare. Nazarin Catherine Coles a kan tsofaffin matan Hausawa a Kaduna ya nuna cewa tsufa yana kawo wa mace 'yancin zirga-zirga da ƙarfin faɗa a ji, saboda haka lokacin da ƙafar namiji ke taƙaita ga masallaci da dakali, lokacin ne dattijuwa ke samun damar yini a gidan ƙawarta. Muhimmancin haka yakan bayyana a takaba, wato zaman wata huɗu da kwana goma na matar da mijinta ya rasu, inda bayan masu ta'aziyya sun watse ƙawayen ƙuruciya ne ke ci gaba da zuwa ɗebe mata kewa.

Abin da Binciken Lafiya Ya Nuna

A 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta sun tattara sakamakon bincike 148 da suka shafi mutane fiye da dubu 300, suka gano cewa masu ƙaƙƙarfar hulɗa da jama'a sun fi waɗanda ba su da ita yiwuwar ci gaba da rayuwa da kimanin kashi 50 cikin ɗari a tsawon lokacin da aka bibiye su. Wanda ya fi kusa da batun wannan maƙala shi ne binciken da aka buga a 2005 daga Ostireliya, wanda ya bi mutane kusan 1,500 masu shekara 70 zuwa sama har shekara goma, ya tarar cewa yawan hulɗa da abokai yana tafiya tare da tsawon rai, alhali hulɗa da 'ya'ya da dangi ba ta nuna irin wannan alaƙa ba. Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford ta bayyana cewa idan mutum ya ga sauran kwanansa sun taƙaita yakan rage neman sababbin mutane ya riƙe 'yan kaɗan da suka fi kusa da zuciyarsa, abin da ke nufin cewa aminin da aka rasa a shekara saba'in da wuya a maye gurbinsa.

Ana iya cewa waɗannan sakamako sun fito ne daga ƙasashen da tsofaffi ke zama su kaɗai, alhali dattijon Kano yana cikin gida mai cike da jama'a. Sai dai binciken tsufa na Ibadan da Oye Gureje ya jagoranta, wanda aka buga a 2007 bayan tattaunawa da mutane fiye da dubu 2 masu shekara 65 zuwa sama a yankin Yarabawa, ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun taɓa fama da ciwon damuwa mai tsanani, wanda ke nuna cewa zama a al'ummar da ke girmama dangi bai isa kariya shi kaɗai ba. Kaɗaicin da ya kamata a lura da shi a Kano shi ne na tsohon da ake kai wa abinci a kan lokaci, ake gaida shi safe da yamma, amma ya yi mako bai yi hira ta tsara da tsara ba.

Watsewar Unguwa

Tun da Kano ta zama babban birnin jiha a 1967 gari yake ta bazuwa bayan ganuwa, gidajen gado na cikin birni kuma, idan magada suka yi yawa, akan sayar da su a raba kuɗin, wasu a mayar da su shaguna da ɗakunan ajiyar kaya. Ɗan da Allah ya buɗa wa yakan yi gini a Rijiyar Zaki ko Hotoro ko Sharaɗa, ya ɗauko mahaifinsa daga gidan ƙasa mai yoyo ya sa shi a ɗaki mai fanka da banɗaki a ciki, kuma babu mai shakkar cewa biyayya ce da neman albarka suka sa shi. Amma sabon gidan yana da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, babu zaure babu dakali, masallatan da ke sahu kuma duk Baba suke ce masa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, ƙafar mai shekara tamanin kuwa lungu biyu ko uku take iya kai shi, wayar hannu kuma, ko da kunne na ji, ba ta ganin ramar fuska ko gurbin da ya zama fayau a sahun asuba. Manufar ƙasa a kan tsufa da gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2021, da Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da ta fara aiki a shekarar, za su fi amfani a wuri irin Kano idan suka ɗauki majalisar hirar dattawan unguwa a matsayin abin da ake da shi a hannu wanda ke buƙatar kiyayewa, haka ma masu tsara gari idan sun zo rushe lungu domin faɗaɗa titi.

Akwai rabuwar da babu mai hana ta, wato mutuwa, wadda ke tsince majalisa ɗaya bayan ɗaya. Musulunci ya tanadi wani abu a nan, domin an ruwaito a Sahihu Muslim ta hanyar Abdullahi ɗan Umar cewa sada zumunci da masoyan mahaifi bayan rasuwarsa yana cikin mafi girman biyayya, an kuma ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan yanka dabba ya aika da naman ga ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. A kan wannan ne 'ya'yan mamaci a cikin birni ke kai gaisuwar Sallah da kayan azumi ga aminin mahaifinsu, su nemi shawararsa idan aure ya taso, shi kuma ya ba su labarin ƙuruciyar ubansu da ba su taɓa ji daga bakinsa ba. Suna tashi sukan durƙusa su yi masa sallama da sunan Baba, kamar yadda kowa ke kiransa tun ranar da aka binne na ƙarshen masu kiransa da laƙabin makarantar allo.