Binuwai Tsakanin Garwa da Yola

Lokacin da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, Garwa da Yola ƙasa ɗaya ce, wato Fombina, kogin Binuwai kuma hanya ce a tsakaninsu. Turawa ne suka tsaga ta. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar Yola a ɓangaren Ingila, mafi yawan ƙasar Fombina kuwa ta faɗa hannun Jamusawa. Duk da haka ruwa bai san iyaka ba: a wancan zamani, idan damina ta yi nisa, jiragen 'yan kasuwa kan sauke kaya a Jimeta, su wuce har Garwa.

Kogin ya zama abin jayayya ne bayan Kamaru ta gina madatsar Lagdo, gaba da Garwa, daga 1977 zuwa 1982, da taimakon Sin. Wutar lantarki da noman rani take nema, ta kuma samu. Amma madatsa idan ta cika, dole a buɗe ta, kuma gonakin Fufore da Yola da Numan ne a bakin hanya. Najeriya ta tsara gina tata madatsar a Dasin Hausa, cikin ƙaramar hukumar Fufore, domin ta tare abin da aka sako. Aikin ya tsaya a takarda.

A 2012 aka ga sakamakon. Ambaliyar shekarar ta kashe mutum 363 a faɗin Najeriya, ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu. Ta 2022 ta ci fiye da mutum 600. Nan take aka ɗora laifin a kan Kamaru, sai dai ministan ruwan Najeriya na lokacin, Suleiman Adamu, ya ce mamakon ruwan sama da kogunan cikin gida ne suka fi yin ɓarnar. Yana da hujja, domin ko kogin Faro, da ke haɗuwa da Binuwai kusa da iyaka, ba ta Lagdo yake bi ba.

Ƙasashen biyu suna zama tare a Hukumar Kogin Neja da ke Yamai, amma abin da ya fi amfanar mai masara a fadama shi ne sanarwa. Yanzu Kamaru kan faɗa kafin ta buɗe, kamar yadda ta yi a Satumbar 2024, hukumomi kuma su yi shela a rediyo cewa mazauna bakin kogi su tashi. Wasu kan tashi, wasu su ce sai sun girbe.

Dasin Hausa dai har yau ba a gina ta ba.