Tsakanin Allo da Kasuwa: Shekarunmu da Darasin Tattalin Arziki

Ranar da na fara shiga gida da littafin ikonomiks a hannu, a shekarar 1976, mahaifina yana zaure yana ƙirga cinikin yini. Ɗan kasuwar hatsi ne, bai yi boko ba. Ya tambaye ni wannan kuma wane karatu ne. Na ce ilmin tattalin arziki ne, sannan na zuba masa haddar da aka ba mu da safe, wato ma'anar da wani Baturen Ingila, Lionel Robbins, ya rubuta a 1932. Ya saurara har na kai aya. Ya ce, "Madalla. To gaya mini, gero zai tashi bana ko zai faɗi?" Na ce, "Baba, ba mu zo nan ba tukuna." Ya ce, "In kun zo, ka sanar da ni." Har na gama sakandare ba mu zo wurin ba, kuma wannan tambaya ita ta bi ni cikin aikin koyarwa na shekara 35.

Darasin nan ba tsoho ba ne a makarantunmu. An kafa hukumar jarrabawa ta WAEC a 1952, amma sai wajen ƙarshen shekarun 1960 tattalin arziki ya shiga jarrabawar kammala sakandare. Kafin nan ana ganin sa karatun manya ne, na masu shirin shiga jami'a. Da ya sauko ƙasa bai tarar da malamai ba. A Arewa, yawancin waɗanda suka riƙe mana alli 'yan Indiya ne da Pakistan da Gana, sai kuma 'yan hidimar ƙasa bayan an kafa shirin a 1973. Ba na mantawa da alherinsu. Mutum ya baro ƙasarsu, ya tsaya gaban yaran da Turancinsu bai nuna ba, littafi ɗaya tsakanin mutum biyar ko shida. Me zai yi in ba ya cika allo da rubutu ya ce a kwafa ba? Daga wannan larura aka gaji al'adar, ta zauna daram har bayan littattafai sun wadata. Littafin Hanson da malaminmu yake riƙewa don ɗaliban Ingila aka rubuta shi. Da na O. A. Lawal ya iso hannunmu, muka ga gyaɗa da koko da hukumomin sayen amfanin gona a shafi, sai muka ji kamar an buɗe taga.

Amma a waje abubuwa suna ta faruwa. A 1973 aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira da kwabo. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, kaya suka yi tashin gwauron zabi. Dalar gyaɗa ta Kano tana ɓacewa a kan idonmu. Duk wannan bai ƙetaro ƙofar aji ba. Muna haddace nau'o'in hauhawar farashi, alhali hauhawar tana cikin tukunyar gidanmu, ba wanda ya haɗa mana biyun.

A takarda dai an yi niyyar gyara. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta zo da tsarin 6-3-3-4, ta ce a riƙa auna yaro da aikin da yake yi a tsawon zango, kada a jira jarrabawar ƙarshe kaɗai. Wannan ƙofa ce babba ga mai son ba yara aikin bincike. Sai dai tsarin ya fara aiki a mummunan lokaci. Yaran da aka kwasa a shirin ilmin firamare na kowa da kowa (UPE) na 1976 sun iso sakandare a 1982, shekarar da kuɗin mai ya ja baya har gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu. A 1983 malamai 'yan Gana da yawa suka tafi. Ajin da aka gina don mutum 40 ya koma ɗaukar ninki biyu, aikin zango kuwa ya zama gwaji biyu da malami zai iya makawa cikin dare ɗaya.

Na kama aiki a 1985, kuma ba wani taron bita ne ya koya mini muhawara a aji ba. Ƙasar ce ta koya mini. A ƙarshen shekarar Janar Babangida ya buɗe muhawara a kan ko Nijeriya ta karɓi bashin IMF ko ta ƙi. A rediyo, a jarida, a teburin mai shayi, ba a wata magana sai ita. Ina tsakiyar rubuta darasin cinikin ƙasa da ƙasa, wani yaro daga baya ya ɗaga hannu. "Malam, in an karya darajar naira, wa zai ci riba?" Na ajiye alli. Na raba ajin gida biyu, na ce wannan ɓangare ku ne manoman auduga, wancan ku ne masu shigo da kaya daga waje. Minti arba'in ya ƙare ba su gama ba, suka biyo ni har ƙofar ofishin malamai. A watan Disamba aka sanar an ƙi bashin, amma a 1986 shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya zo, aka buɗe kasuwar canji a watan Satumba, dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta haura naira 3, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Yaran nan sun ga abin da suka yi gardama a kai ya sauka a kan kuɗin sabulu da madara. Ban taɓa samun ajin da ya fahimci canjin kuɗi kamar su ba.

Wani dattijon malami, wanda nake girmamawa har gobe, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, surutu ba ya cin jarrabawa. Ka gama manhaja." Yana da gaskiyarsa, don yaron talaka takardar sakamako yake nema, kuma ba ni da ikon yin wasa da ita. Tun daga nan na riƙa raba mako, kwana biyu na allo, kwana ɗaya na baki.

Abin da ya fi daɗewa a hannuna shi ne littafin farashi. Da kaka ta kama, nakan raba yara rukuni rukuni, kowane rukuni da kayansa: gero, masara, wake, tumatir. Duk mako su je kasuwar unguwarsu su tambayo kuɗin kwano, su rubuta, mu ɗora a babban zane da muka manna a bango. Makon farko sukan dawo da ƙorafi, don masu kaya suna zaton 'yan haraji ne suka turo su. Daga baya sai a saba, har wani mai hatsi ya riƙa ajiye musu labari, yau mota kaza ta sauke a Dawanau, gobe 'yan sari daga Nijar sun shigo. Kafin bazara layin gero ya hau sama a hankali, na tumatir kuwa ya faɗi warwas a lokacin da na rani yake fitowa daga Kura da Kadawa, sannan ya yi tsalle da saukar damina. Ranar da na zo koyar da dalilin da ya sa farashin kayan gwari ya fi na hatsi rawa, ban yi dogon bayani ba. Wata yarinya ta nuna bango ta ce, "Malam, ai gero yana jira, tumatir ba ya jira." Daga bakinta muka gina darasin, sannan muka sa masa sunansa na littafi.

Daga wannan zane ne muhawarar da ta fi kowace zafi take fitowa duk shekara: mai sayen hatsi da kaka ya ajiye sai bazara, azzalumi ne ko mai amfani? Nan aji yakan rabu da gaske, don akwai 'ya'yan masu rumbu, akwai 'ya'yan masu awo kullum. Masu suka sukan zo da abin da suka koya a Islamiyya game da haramcin ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a. Wata shekara wani yaro, ɗan mai sito, ya miƙe jikinsa yana rawa ya ce in babu mai ajiyewa, wa zai sayar wa mutane gero a watan da rumbuna suka ƙare? Ya kawo kuɗin buhu, da hayar sito, da maganin ƙwari, da asarar da babansa ya tafka shekarar da farashi ya karye. Sai wata ɗaliba ta tuna wa ajin ƙissar Annabi Yusuf da tanadin shekara bakwai, ta ce ajiya daban, ɓoyo daban. Suka shiga neman inda iyakar take. Suka gano da kansu cewa in masu ajiya suna da yawa kuma kowa na iya shiga, farashin kaka ba ya faɗuwa ƙasa sosai, na bazara ba ya hawa sosai. In kuwa 'yan tsiraru suka haɗa baki, sai su yi yadda suka so. Wannan shi ne babin gasa da babakere, kuma ban rubuta ko kalma ɗaya a allo ba sai da suka iso wurin.

Dole in faɗi wani abu game da harshe. A makarantu da yawa a wancan zamani ana cin tarar yaron da ya yi Hausa a aji. Muhawarar ƙungiyar Turanci kuwa, wadda ake yi da gaisuwar alƙalai da haddataccen jawabi, ta masu baki ce su biyar ko shida. Ni na zaɓi su yi gardamar da Hausa, sannan kowa ya zauna ya rubuta hujjarsa da Turanci. Wani jami'in duba makarantu ya taɓa rubuta mini gargaɗi a kan haka. Ban daina ba, don na ga yaron da bai taɓa buɗe baki ba yana bayanin la'adar dillali da adashen mahaifiyarsa tiryan-tiryan. Wanda ya riga ya fahimci abu, neman kalmarsa ta Turanci ƙaramin aiki ne.

Wasan kasuwa kuwa aro na yi. Edward Chamberlin ya gwada shi da ɗalibansa a jami'ar Harvard ta Amurka, ya buga sakamakon a 1948. Vernon Smith, wanda ya zauna a ajinsa, ya sake fasalin gwajin a 1956, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2002. Ana ba rabin aji kati mai ɗauke da mafi ƙarancin kuɗin da za su sayar, rabi kuma mafi yawan da za su iya biya, a sake su su yi ciniki. Turawa sai an koya musu yadda ake yi. Namu kuwa ina cewa an buɗe kasuwa sai aji ya kaure: "Taya!" "Albarka!" "Ƙara dai!" "Na sallama!" Ina rubuta kowane ciniki a allo. Zagaye na farko farashi a warwatse, na uku ya taru wuri guda. Sai in zana layin buƙata da na kawo kaya daga katunan da ke hannunsu, su ga inda suka haɗu shi ne inda cinikinsu ya tsaya. Shirun da aji yake yi a wannan lokaci yana cikin abubuwan da suka riƙe ni a aikin nan.

Jarrabawa ba ta hana wannan ba kamar yadda muke yawan faɗa. Takarda ta farko tana da tambayoyi 50 na zaɓi, amma a ta biyu akwai sashen da ake ba yaro jadawali ko zane a ce ya fassara, kuma yaran littafin farashi nan suka fi ƙarfi. Mu malamai ne muka sauƙaƙa wa kanmu, muka koma ga littattafan taƙaitawa da tambayoyin shekarun baya, musamman da NECO ta zo a 1999 jarrabawa ta zama biyu. Manhajar 2011 ta kawo darussan sana'a 34, abu mai kyau, sai dai a wurare da yawa an koyar da su a allo kamar yadda aka koya mana Robbins.

Na yi ritaya a 2020, amma ina taimaka wa wata makarantar al'umma a unguwarmu. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya, na shiga aji da niyyar koyar da ayyukan kuɗi. Wani yaro ya ce jiya ya biya ɗan POS kuɗi kafin a ba shi kuɗinsa, to naira ta zama haja ke nan? Wata ta ce a ƙauyensu an koma ba da kwanon masara a karɓi manja. Wani ya ce mai shagon layinsu ya buɗe littafin bashi, cinikinsa ya ƙaru. Na ce su fito da takarda, kowa ya je ya tambayi mutum uku yadda suka yi cefane a makon nan, ranar Litinin mu haɗa. Malamar da take koyar da ɗaya ajin, wadda ɗalibata ce a shekarun baya, ta leƙo ta taga ta ce, "Baba Malam, a haɗa da nawa yaran." Ranar Litinin muka fitar da benci ƙarƙashin darbejiya, don aji ba zai ɗauke su ba.