Lisans mai haɗa fannoni: mene ne shi, kuma wace ƙofa yake buɗewa?

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar Bak ya fito, tambaya ɗaya ce ke yawo tsakanin gida da ƴan uwa na Kumasi, Abijan da Legas: yaro ya samu, to me zai karanta? A da amsar gajera ce: likitanci, shari'a, aikin gona ko koyarwa. Yanzu kuwa sai a miƙo ma uba takardar wata makaranta mai dogon suna, tattalin arziki da shari'a da gudanarwa, duk a cikin karatu ɗaya na shekara uku. Irin wannan shi ake kira lisans mai haɗa fannoni, wato digirin farko wanda ɗalibi yake karanta fanni biyu ko fiye tare, maimakon ya tsaya ga guda.

Kafin mu shiga ire-irensa, bari mu yi ɗan lissafi, don a nan maganar take. Jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa da sauransu suna bin tsarin LMD, wato lisans, mastar, doktora, wanda ƙungiyar UEMOA ta amince da shi ga ƙasashenta a 2007. A wannan tsari lisans shekara uku ne, zango shida, kowane zango yana da maki 30 da ake kira kiredi, jimla 180. Kiredi shi ne ma'aunin aikin da ɗalibi ya yi, a aji da kuma shi kaɗai. To, wanda ya haɗa fanni uku ba a ƙara masa kiredi ba. 180 ɗin nan dai ake rabawa. In an raba daidai, kowane fanni ya samu 60, aikin shekara ɗaya ke nan. Kwano ɗaya ne, sai dai miya uku aka zuba a ciki.

Sunayen da ake ji suna kama da juna, amma abin da ke bayansu ya bambanta. A Faransa akwai lisans biyu a tare: ɗalibi ya yi rajista a fanni biyu, misali shari'a da tarihi kamar yadda ake yi a jami'ar Paris 1, bayan shekara uku ya fita da difloma biyu. Wannan shi kaɗai ne lissafin da muka yi bai shafa ba, amma fa aikin ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma tantancewa ake yi kafin a ɗauka. Akwai kuma lisans ɗaya mai fannoni da yawa, difloma ɗaya tak. Wanda ya fi shahara shi ne AES, da Faransa ta buɗe a 1973: shari'a, tattalin arziki, gudanarwa da ilimin zamantakewa. Kada mai karatu ya ruɗe, wannan AES ba ruwansa da ƙawancen ƙasashen Sahel, haruffan ne kawai suka zo ɗaya.

Amurka tata hanyar daban ce. Digirin farko shekara huɗu ne, ɗalibi ya fara da taɓa fannoni iri-iri, galibi sai wajen ƙarshen shekara ta biyu yake zaɓar babban fanninsa, in yana so ya ƙara ƙarami a gefe. A Najeriya ma akwai digirin haɗaka, da digirin koyarwa da ake haɗawa da wani fanni, kamar Hausa ko lissafi. Kwalejojin horar da malamai na can suna haɗa fanni biyu, Hausa da Larabci misali, amma takardarsu ta NCE ba digiri ba ce, masu tura yara Katsina ko Kano su riƙe wannan.

Misalin da ya fi suna a duniya yana jami'ar Okisfod ta Ingila. A 1920 aka buɗe wani digiri mai haɗa falsafa, siyasa da tattalin arziki, ana kiransa PPE. Kafin nan, mai neman shiga aikin mulki yakan karanta tsofaffin harsunan Girka da Rum. Sai aka ga zamani yana buƙatar wanda ya san kasuwa da gwamnati. Shekarar farko ɗalibi yana karanta ukun duka, daga ta biyu yana iya ajiye ɗaya ya zurfafa a biyun. Firaministocin Birtaniya da dama nan suka bi, daga Harold Wilson zuwa David Cameron da Rishi Sunak. Haka Benazir Bhutto da Imran Khan na Pakistan, da Malala Yousafzai wadda ta gama a 2020. Ƴan uwanmu na Gana sun san John Kufuor, da ya mulki ƙasar daga 2001 zuwa 2009. Shi ma PPE ya yi. Duk da wannan suna, a Ingilar kanta akwai masu sukarsa, suna cewa yana fitar da gwanayen magana a kan kome waɗanda ba su nutsa a cikin kome ba. A ganinmu sukar tana da kamshin gaskiya, kuma ana mantawa da cewa sunan Okisfod ɗin ma yana buɗe ƙofa ko da me aka karanta.

Shin yana da amfani a wajenmu? Yana da shi, don matsalolin ƙauye ba su zuwa fanni-fanni. Ɗauki rikicin manomi da makiyayi a kan burtali. Tun dokar tsarin karkara ta 1993 aka tanadi kwamitocin filaye, kuma mai aiki a cikinsu yana buƙatar ya san doka, ya iya karanta taswira, ya san lokacin da dabbobi ke gangarowa kudu, ya kuma san matsayin mai gari da hakimi a al'ada. Haka sassaben zamani da ya maido da itatuwa a gonakin jahohin Maraɗi da Damagaram: rabinsa ilimin itace ne, rabinsa tambayar wane ne mai gawon da ya tsiro a gona. Ma'aikatun magajin gari, ƙungiyoyi masu zaman kansu, bankunan ƙananan rance da gidajen rediyo duk suna son mutumin da ya san abu fiye da ɗaya. Abin ma ba baƙo ba ne: malamin tarihi a kwaleji shi ne malamin labarin ƙasa.

Inda ƙafa ke zamewa shi ne bayan an gama. Sanarwar gasar shiga aikin gwamnati takan ambaci difloma da sunanta, lisans a shari'a, lisans a lissafi. Wanda takardarsa ta ce fannoni uku yana iya samun kansa a bakin taga ana ce masa ba wannan aka nema ba. Mastar ma haka: sashen tattalin arziki zai duba kiredi nawa ɗalibi ya tara a tattalin arziki da lissafi, ba sunan lisans ɗin ba. Akwai kuma sana'o'in da hanyarsu ɗaya ce, likita da mai harhaɗa magunguna. Babu wata haɗaka da ke kai wa can.

Don haka kafin a aiko da kuɗin rajista daga waje, ko a sayar da rago da buhun wake, a nemi takardar da ke nuna darussan zango shida ɗin da kiredin kowane. A tambaya difloma ɗaya ce ko biyu, kuma wane suna za a rubuta a kanta. A tambayi waɗanda suka gama bara wane mastar ya karɓe su. In makarantar mai zaman kanta ce, a ga shaidar izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi a kan wannan fannin kansa, ba a kan makarantar kawai ba. In ana son takardar ta yi aiki a Burkina, Mali ko Senegal, a duba ko hukumar CAMES ta amince da ita. Wannan hukuma a Yamai aka kafa ta a 1968, hedkwatarta tana Wagadugu. Wanda kuma ya karanto a Najeriya, Gana, Aljeriya ko Turkiyya, sai ya kai takardunsa a yi masa daidaiton difloma a nan gida, kuma jerin darussan da ya yi na cikin abin da za a nema, don haka ya karɓo shi da hatimin jami'a tun kafin ya baro ƙasar.