Abin da Kakanninmu Suka Tarar a Jos

Kwanakin baya, bayan sallar asuba, muka ga wani saurayi a ƙofar masallaci, da 'yar riga shara-shara, haƙoransa sai kaɗawa suke. Daren jiya ya sauka a tashar Bauchi Road daga Katsina. Muka sa aka haɗa masa shayi. Da ya ɗan farfaɗo sai ya ce, "Malam, wai haka kuke fama kullum?" Muka yi dariya, don kuwa tambayar da kakanninmu suka yi ke nan shekara ɗari da suka wuce.

Kuza ce ta kawo su. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka kafa sansani a Naraguta, kamfanoni suka bazu har Bukuru da Barikin Ladi. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya kai Bukuru, a 1927 kuma babban layi ya iso ta Kafanchan. Da ƙafa da jirgi mutanen Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi suka yi ta hawowa, wasu neman kuɗin haraji, wasu fatauci.

Abu na farko da ya tarbi baƙo shi ne sanyi. Garin yana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku. Mutumin da ya saba kwana a tsakar gida sai ga shi yana neman bargo da wuta, da damina kuma har ƙanƙara ya gani tana zuba. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka yi ɗiban gwamna, aka kwaso mutane dole don haƙar kuza. Da yawansu sanyi da yunwa da cuta suka kashe su, ba su koma gida ba. Allah Ya jiƙansu.

Na biyu, aikin bariki. Manomin da rana ce agogonsa ya koma lebura, kwanon sarki a ka, heluma na tsaye a kansa, ranar biya a ƙirga masa sulalla. Hatsin da a gida yake ɗiba a rumbu, nan sai ya saya da mudu. Ya ga acca, ya sha gwate, daga baya ya saba da dankalin Turawa.

Na uku, mutane. Ya tarar da Birom da Anaguta da Jarawa a ƙauyukansu da gonakinsu. A bariki kuma ga Barebari, ga Nufawa, ga Yarbawa, ga Ibo. Hausa ta zama harshen ciniki tsakaninsu duka, shi ya sa har yau Bakano ke jin Hausarmu wani iri.

To, me ya riƙe baƙon har ya zauna? Mai masauki. Wanda ya riga shi zuwa ya ba shi zaure, ya nuna masa masallaci da kasuwa, ya tsaya masa har ya sami abin yi. Da haka Gangare da Dilimi suka cika, da haka aka haifi irin su Ɗan Maraya Jos a Bukuru.

Yanzu fa? Tun rikicin Satumba 2001, da na 2008 da 2010, abin da muke fara koya wa baƙo shi ne unguwar da ba a shiga. Kasuwar Terminus da ta haɗa kowa da kowa ta ƙone a 2002. Gargaɗi wajibi ne, ba mu musa ba. Amma in tsoro kaɗai muka ba shi, mun rage masa gado.

Shi wancan saurayi, yanzu yana dakon tumatir a Farin Gada, a ɗakin wani dattijo yake kwana. Hausawa suka ce baƙonka annabinka. Duk mai zauren da ba kowa ciki, ya yi magana da mai unguwa kafin hunturu ya kama. Allah Ya zaunar da Jos lafiya, amin.