Jirgin da Ya Iso Cikin Akwati: Hurricane, Hanyar Takoradi da Aikin Mai Haɗa Samfuri

A watan Satumba na 1940, wani jirgin ruwa ya sauke manyan akwatunan katako a tashar Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana a yau. Cikinsu jiragen yaƙi ne samfurin Hawker Hurricane, gangar jiki daban, fuka-fuki daban. Makanikan rundunar sojan saman Birtaniya suka harhaɗa su, kuma kafin watan ya ƙare ayari na farko ya tashi zuwa Masar ta Legas da Kano. Duk wanda ya buɗe kwalin ɗan samfurin wannan jirgi a yau, ya baza gutsattsarin roba a kan tebur, yana maimaita aikin waɗancan makanikai ne a ƙaramin sikeli.

Dalilin wannan doguwar hanya yana cikin abin da ya faru a watan Yuni na 1940. Italiya ta shiga yaƙi, Faransa ta faɗi, Tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya, zagaye ta kudancin Afirka kuwa yana cin makonni masu yawa. Mafita ita ce hanyar sama da kamfanin Imperial Airways ya buɗe tsakanin Khartum da Kano a 1936. Sai dai hanyar ta ratsa Chadi, wadda ke hannun Faransa. Da gwamnanta Félix Éboué ya bayyana goyon bayansa ga de Gaulle a ranar 26 ga Agusta 1940, ƙofa ta buɗe. Daga Kano ayari kan nufi Maiduguri, Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, El Geneina, El Fasher, Khartum, sannan ya bi Kogin Nilu zuwa Alƙahira. Tafiya ce ta kusan kilomita 6,000, kuma jirgi mai inji biyu kamar Blenheim ne ke jan gaba saboda yana ɗauke da mai duba hanya. Zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan.

Shi kansa Hurricane, wanda Sydney Camm ya zana, ya fara tashi ranar 6 ga Nuwamba 1935, an kuma ƙera kimanin 14,500. Spitfire ya fi shi suna, amma a yaƙin sararin samaniyar Birtaniya na 1940 Hurricane ne ya fi kakkaɓo jiragen Jamus. Ƙirarsa ta tsaya tsakanin zamani biyu: gabansa ƙarfe ne, bayan gangar jikinsa kuwa bututun ƙarfe ne da sassan katako da aka lulluɓe da ƙyalle. Wannan ya sa gyaransa bai da wuya a filin da babu kayan aiki.

Sana'ar ƙera ƙananan samfura ma tana da alaƙa da yaƙin. Ma'aunin 1:72, inda inci ɗaya ke wakiltar ƙafa shida, ya yaɗu ne ta hanyar samfuran katako na Skybirds a Ingila tun 1932, kuma a 1936 kamfanin FROG ya fitar da irinsu na roba. Lokacin yaƙi samfuri ya zama kayan koyarwa, domin mai harbo jirgi daga ƙasa yana da 'yan daƙiƙoƙi ne kawai ya bambance na gida da na abokan gaba. A 1942 rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa samfura 500,000 a wannan ma'auni. Kuskure a siffar fiffike a lokacin yana iya sa a harbo ɗan'uwa. Bayan yaƙi, a shekarun 1950, kamfanin Airfix ya mayar da abin wasan yara mai araha, ana sayar da shi cikin leda a kantunan Woolworths, amma neman daidaito bai bar sana'ar ba.

A nan ne mai haɗa samfuri yake zama ɗan tarihi, ko ya so ko bai so ba. Faɗin fuka-fukan Hurricane ƙafa 40 ne, wato kusan santimita 17 a ma'aunin 1:72, don haka kuskuren milimita ɗaya a kan tebur ya haura santimita bakwai a jirgin gaske. Tambaya ta farko ita ce: wane Hurricane? Na farko-farko fuka-fukansu ƙyalle ne, farfelarsu ta katako mai reshe biyu. Na baya suka samu fuka-fukan ƙarfe da farfela mai reshe uku. Samfurin Mk I bindigogi takwas gare shi, IIB goma sha biyu, IIC igwa huɗu masu milimita 20, IID kuma igwa biyu masu milimita 40 don fasa tankoki. Haɗa fiffiken wannan da hancin wancan yana haifar da jirgin da bai taɓa wanzuwa ba.

Jirgin da aka shirya wa Afirka yana da alamarsa: wani ƙullutu a ƙarƙashin hanci, matacin iska na Vokes, wanda ke hana rairayi shiga injin Merlin. Yana rage gudu, amma ba tare da shi ba ƙura kan cinye inji cikin ɗan lokaci. Launi ma yana faɗin shekara. Jiragen farko sun iso da kore da ruwan ƙasa na Turai, daga baya aka koma ruwan ƙasa da launin yashi a sama, shuɗi a ciki. Wanda ya san ƙirar jirgin ba zai zana ɓarewar fenti mai nuna farin ƙarfe a bayan gangar jiki ba, tunda ƙyalle ne a wurin. Lambar jirgi da haruffan runduna kuwa sai an gwada su da hoton asali, domin takardar cikin kwali ma takan yi kuskure.

Littattafan yaƙin hamada sun fi tsayawa a El Alamein da sunayen janar-janar. Ba kasafai suke waiwayar matuƙan da suka ɓata cikin hazon hunturu ba, ko leburorin da suka share filaye suka gangara da durom-durom na mai a Kano da Maiduguri. Ɗan samfurin da aka haɗa da kula, da matacinsa da launinsa na daidai shekara, yana tilasta tambayar yadda jirgin ya kai Masar, kuma ga dubban jirage amsar ta bi ta sararin Kano.