Daga Memento Zuwa Ghajini: Tarihin Labarin Da Ake Farowa Daga Ƙarshe

A wannan fitowar na ɗan jingine littafin da muke kawo muku kashi-kashi, domin in taɓo wata muhawara da ta daɗe tsakaninmu marubuta, wato batun labarin da ba ya tafiya a miƙe. Wasu na cewa faro labari daga tsakiya ko daga ƙarshe ɗabi'ar Turawa da Indiyawa ce da muka kwaso a fim, wai Bahaushe bai san komai ba sai ya ɗauko tatsuniya daga kai ya dire ta a ƙurunƙus. Ni kam ban yarda ba, kuma tarihi ne shaidata.

A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar mana da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. To mai karatu ka duba da kyau. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tafiya ta riga ta ƙare, Alhaji Imam yana zaune a gida yana ba Koje Sarkin Labari abin da ya wakana. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mun fara haɗuwa da shi ne yana babban malami, sai da almajiransa suka tambayi asalinsa sannan ya koma da mu ƙuruciyarsa da yadda aka sace shi. Ganɗoki na Bello Kagara ma tsoho ne yana ba yara labarin yaƙe-yaƙensa. Ashe waiwaye adon tafiya ne a wurinmu tun ran gini.

Sai dai duk waɗannan masu ba da labarin hankalinsu ɗaya, abin da suka faɗa mun ɗauka. Tambayar da fim ya zo da ita daga baya ita ce, yaya za a yi idan mai labarin ba ya iya riƙe abin da ya faru minti kaɗan da suka wuce?

Wannan lalura ba ƙage ba ce. A 1953 a garin Hartford na Amurka, wani likita William Scoville ya yi wa wani saurayi mai shekara 27, Henry Molaison, tiyata a ƙwaƙwalwa domin maganin farfaɗiya. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma an cire masa sashen da ke adana sabon abu. Yana tuna ƙuruciyarsa, yana hira lafiya lau, amma ka fita ka dawo sai kun sake gaisawa kamar baƙi. Masaniya Brenda Milner ta gano cewa hannunsa na iya koyon sabon aiki, kamar zana tauraro yana kallon madubi, alhali shi bai tuna ya taɓa gwadawa ba. A haka ya rayu har 2008.

Irin wannan mutum Christopher Nolan, haifaffen Landan, ya sa a fim ɗinsa Memento na shekarar 2000, bisa wani gajeren labari na ƙaninsa Jonathan. Guy Pearce ne ya fito a Leonard Shelby, wanda aka kai wa hari cikin dare a gidansa, aka buge shi a ka, yake neman wanda ya kashe matarsa. Tun da ba ya riƙe komai, sai ya dogara da hotunan Polaroid masu fitowa nan take, da guntayen takardu, da rubutun allura a jikinsa. Hikimar tana wurin zubi. Fitowa masu launi an jera su ne daga ƙarshe zuwa farko, masu baƙi da fari kuma suna tafiya gaba, sai su haɗu a ƙarshen fim, wanda shi ne tsakiyar labari. Kowace fitowa ta fara, kai mai kallo ba ka san abin da ya gabace ta ba, daidai da Leonard. Wato an sa maka cutar ka ɗanɗana da kanka.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙarshensa. Teddy, ɗan sandan da ke bin Leonard, ya shaida masa cewa ai tuni ya kashe wanda yake nema, ya manta ne kawai. Maimakon ya karɓi gaskiya, sai Leonard ya rubuta lambar motar Teddy a matsayin ta mai laifi, yana sane cewa nan da ɗan lokaci zai manta shi ya ƙulla ƙaryar, ya gaskata ta. Wanda ya karanta Jiki Magayi ya san ramuwa ba ta barin mai yin ta lafiya.

Mu a Kano ba ta wannan ƙofar labarin ya shigo mana ba. Tun wajajen 1950 'yan kasuwa Kwarori ke kawo finafinan Indiya gidajen silima, har muka saba da su a Plaza, Orion, El Dorado da Marhaba ta nan Farm Centre. A 2005 A.R. Murugadoss ya ɗauki ƙashin labarin ya yi Ghajini da harshen Tamil tare da Suriya, sannan a Disambar 2008, watan da Molaison ya rasu, ya sake shi da Hindi tare da Aamir Khan da Asin. Shi ne fim ɗin Hindi na farko da ya tara rupi biliyan ɗaya a cikin Indiya. Faifansa ya iso mana ta hannun 'yan kasuwa, kuma ba na manta yadda a majalisarmu ta Hotoro duk wanda ya cika mantuwa aka laƙaba masa Gajini.

Me ya sa Ghajini ya shiga ranmu, Memento kuwa sai ɗaiɗaiku suka san shi? Domin Murugadoss ya miƙar da abin da Nolan ya karkatar. Sanjay Singhania na mantuwa duk bayan minti 15, amma mu masu kallo ba ma mantawa. Soyayyarsa da Kalpana an kawo mana ita ne ta littafin da yake rubuta al'amuransa na kullum, ɗan sanda ya karanta kashi ɗaya, wata ɗalibar likitanci ta karanta saura. Wannan ai zubin Shaihu Umar ne, waiwaye daga majiya amintacciya. Ga waƙoƙin A.R. Rahman, ga mugu sananne, ga ramuwa da ta faɗa kan mai laifi. Memento ya bar ka da kokwanto, Ghajini ya bar ka da hawaye.

A nan zan yi kira ga 'yan uwana marubuta. Mun mai da mantuwa tsani mai arha. Da labari ya cushe sai mota ta buge jaruma ta manta mijinta, a babi na ƙarshe ta faɗi a bene ta tuna komai. Alhali manta abin da ya wuce daban, kasa adana sabo daban, kuma bugu na biyu ba magani ba ne, ƙarin rauni ne. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na nan Gyaɗi-Gyaɗi, da likitocin ƙwaƙwalwa a ciki, matambayi kuwa ba ya ɓata. Akwai gidajen da ke jinyar irin waɗannan bayin Allah, suna karanta mu, kada mu sa musu ran banza. Haka kuma kada ka birkita jerin labari don burga. Nolan ya birkita ne domin lalurar tauraronsa ta buƙaci haka.

Bugu da ƙari, mu kanmu mun fara zama Leonard. Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, yara nawa suka gan shi? Wasannin da muka taso muna kallo a CTV ta Hotoro, wadda yanzu ake kira ARTV, wa ke iya jero su? Littattafanmu na zamanin Raina Kama da yawa sun ɓace daga kasuwa, wasu ko marubutan ba su da kwafe. Wanda bai adana nasa ba, duk guntuwar takardar da aka miƙa masa ita zai gaskata, ko da ƙarya ce. Don haka mai tsohon littafi ko kaset a ƙasan akwati ya fito da shi a juya, a rubuta shekara da sunan mai shi daidai.

Allah Ya raba mu da mantuwa mai cutarwa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu ci gaba da littafinmu daga inda muka tsaya.